Ɗigon Mai a Tsohuwar Hanyar Fagam

Ranar wata Alhamis a ƙarshen damina aka nemi motar fijo ta marigayi Alhaji Haladu a garejin Maikuɗi aka rasa.

Farar 404 ce, ta girmi yawancin masu zancenta a Birnin Kudu. Ta yi shekaru a bayan gidan Alhaji, tayoyi a sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da Alhaji ya rasu sai ɗansa Zulkifli, wanda ke aiki a Dutse, ya sa aka jawo ta zuwa garejin Maikuɗi a bakin gari, ya ce a tashe ta ko me za ta ci. Maikuɗi ya yi wata da watanni a kanta. Ya sauke inji ya mayar, ya yi fenti, ya wanke tanki, har ta kai mutane na tsayawa a bakin dangar kwano suna leƙenta.

Da Zulkifli ya biyo ran nan da hantsi, sai ya tarar da ƙofar danga a buɗe, inuwar bishiyar maina ba kowa, sai shatin tayoyi a ƙasa. Ba a fasa komai ba. Makullin motar kuwa guda ne kowa ya sani, yana aljihun Maikuɗi, shi kuma Maikuɗi ya tafi Kano tun asuba.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce ai dama an ga wani dillalin tsofaffin ƙarafa yana zarya a garejin. Wasu suka ce tafiya Kanon ma ciniki aka je ƙarasawa. Da Maikuɗi ya sauka a tasha bayan la'asar, riƙe da 'yar leda, matasa suka tare shi. Bai ma gane abin da ake tambayarsa ba aka fara dukansa. Kafin jami'an tsaro su ƙwace shi an karya masa wuyan hannun dama da yatsu biyu. Da aka buɗe ledar, ba komai a ciki sai wani ɗan zoben roba baƙi, faɗinsa bai wuce murfin kofi ba.

*

Washegari da sassafe matarsa Ummussalma ta hau mota zuwa Kiyako neman Malam Dabo.

Dabo mai bin sawu ne. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma tun yana saurayi idan aka kore wa mutum shanu shi ake kira. Yanzu ya haura sittin, siriri, ba ya son yawan magana. Ya saurari Ummussalma har ta gama, sannan ya gaya mata gaskiya cewa shi kofato ya sani da tafin ƙafa, bai taɓa bin sawun mota ba.

Ta ce, “Baba Dabo, ai motar ma ba tashi sama ta yi ba. Ƙasa ta taka. Ni ba motar ce ta dame ni ba. Yarana ne aka fara kira 'ya'yan ɓarawo a unguwa.”

Dabo ya ɗauki rawaninsa ya tura babur ɗinsa waje.

*

An ba da belin Maikuɗi, yana kwance a ɗakinsa, mai ɗori ya ɗaure hannun da karare. Dabo ya zauna a bakin tabarma ya tambaye shi abin da ya kai shi Kano. Maikuɗi ya sa aka miƙo ledar.

Ya yi masa bayani a hankali, yana cije leɓe saboda ciwo. Aiki ɗaya ne ya rage a motar. A saman tankin mai akwai wata 'yar kafa, ana isa gare ta ta cikin but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota. Nan ake zura wani abu da makanikai ke kira fulota, ɗan ƙarfe mai dogon hannu da ƙwallo a ƙarshensa. Ƙwallon yana yawo a kan fetur, in man ya yi sama ya yi sama, in ya yi ƙasa ya bi shi, shi ne yake gaya wa allurar gaban direba yawan man da ya rage. Fulotar tana da ɗan faifai da ake ɗaurewa da sukurori a bakin kafar, kuma dole a sa zoben roba tsakanin faifan da tankin, in ba haka ba fetur zai riƙa tsatsowa duk lokacin da tanki ya cika ko mota ta yi tsalle. Tsohon zoben ya bushe ya tsage. Ya nema a Birnin Kudu da Dutse bai samu ba, shi ya sa ya tafi Kano.

Dabo ya tambaye shi yadda ya bar motar. Ya ce fulotar na kan tebur tare da tsohon zoben da sukurorin a cikin gwangwani, kafar tanki kuma ya toshe ta da tsumma. Akwai jarkar fetur a cike a lungu, wadda ya tanada don in ya ɗaura ya zuba ya ga ko allura za ta tashi daidai.

Ya ce, “Malam, ni da na san bakin tankin a buɗe yake, zan ba wani ya tuƙa ta? Ai kamar in ba shi garwashi ne ya sa a aljihu.”

*

A garejin, ƙafafun 'yan kallo sun tattake kusan ko'ina. Dabo ya daɗe a tsugune yana dubawa. An yi ruwa daren Laraba, ƙasa ta riƙe abin da aka ba ta. Tayoyin fijon sirara ne, ba irin na motocin yanzu ba, kuma da ƙafarta ta fita, ba wata mota da ta ja ta. Jarkar tana nan a lungu, wayam. Kan tebur ba fulota, ba zobe, gwangwanin sukurori ba ko ɗaya. Tsumman da aka toshe tanki da shi kuwa an ninke shi an ajiye a gefen tebur, kamar yadda ake ajiye hular mutum.

Wannan ninkin ya tsaya wa Dabo a rai. Ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya tsaya kintsa wurin da ya yi sata ba.

Daga nan ya je gidan marigayin. Hajiya Barira, uwar Zulkifli, ta yi masa magana ta bayan labule. Ta ce ita ba ta zargin kowa, kuma dukan da aka yi wa yaron nan ya hana ta barci. Zulkifli kuwa ransa a ɓace yake. Ya ce bai sa kowa ya taɓa Maikuɗi ba, amma a tasha da aka tambaye shi ya faɗa da bakinsa cewa makulli ɗaya ne kuma yana hannun makanike. Dabo ya tambaye shi ko gaskiya ne sayar da motar zai yi. Ya ce ƙarya ce. Da ya tambaye shi to me zai yi da ita, sai ya kawar da kai ya ce wannan maganar gida ce.

*

Dillalin da ake zance sunansa Saifullahi, yana da fili a bayan kasuwa inda yake tara matattun injuna da ƙarafa. Tun kafin Dabo ya zauna ya fara rantsuwa. Ya yarda ya je garejin ba sau ɗaya ba, ya kuma yi wa Zulkifli tayi an ƙi. Ranar Alhamis kuwa tun safe yana wurin sunan ɗan ƙanwarsa a Surko, liman da kansa shaida ne.

Dabo ya zagaya filin, bai ga sirarin tayoyi ba. Yana shirin tafiya ya tambaye shi daga ina maganar sayar da motar ta fito. Saifullahi ya sosa ƙeya. Ya ce shi ne dai ya faɗa a kasuwar Gwaram, wurin mai shayi, wai wani attajiri daga Legas zai ɗauke ta a kan tirela, kuma ta hannunsa cinikin zai bi. Cika baki ne kawai irin na kasuwa, don a san yana harka da manya. Bai tuna su wa ke zaune a wurin ba.

*

Sawun bai hau kwalta ba. Daga bayan gareji ya ratsa ta gefen gonaki, ya faɗa wata hanyar burji da ciyawa ta kusa cinyewa, wadda yanzu sai amalanke da masu kiwo ke bi. Dabo ya bi ta a kan babur a hankali, ƙafafunsa na jan ƙasa, yana sauka duk inda ya yi shakka. Wani tsoho da ke cirar gyaɗa ya gaya masa ai nan ce hanyar motocin Gwaram ta da, kafin a yi titi. Ya ji wucewar mota jiya da sassafe, amma yana cikin dawa bai ga direban ba.

Wanda ya tuƙa motar ya san hanyar. Yana kauce wa rami tun kafin ya iso shi. Inda hanya ta rabu biyu ba alamar ya yi jinkiri. Akwai wani wuri da ruwa ya cinye tsohuwar kwalbati, nan ne kawai ya taka birki da ƙarfi, kamar wanda ya zo yana tsammanin samunta.

Bayan kwalbatin Dabo ya fara ganin ɗigo. Ɗan tabo ne a tsakanin tayoyin baya, yashi ya dunƙule, ciyawar wurin ta yi yaushi. Ya ɗebo ya sansana, fetur ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu, amma duk inda motar ta yi tsalle sai ya ga biyu ko uku a jere.

Rana ta karkata lokacin da ya iso wata tsamiya a bakin wani ɗan kududdufi. Nan motar ta tsaya. Direban ya sauko, mutum ɗaya ne, da takalmin roba, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya zagaya baya. Ga shatin gwiwoyinsa biyu a bayan motar inda ya durƙusa. Ya je bakin ruwa ya dawo, ya sake komawa. A kan wani faffaɗan dutse Dabo ya tsinci guntun sabulun wanki, an jiƙa shi an murje gefe ɗaya har ya zama kamar ƙullu, shatin babban yatsa ya bushe a jikinsa.

Ya juya sabulun a hannu. Ba alamar an yi wanki ko wanka a wurin. Ya naɗe shi a gefen rawaninsa.

Daga tsamiyar ɗigon ya ɗauke na wani ɗan lokaci. Da hanya ta fara hawa cikin duwatsun da ke kusa da Fagam sai ya dawo, yanzu ba ɗigo ba ne, zare ne. Dabo ya ji ƙauri kafin ya ga komai.

Tana cikin wani kwari tsakanin manyan duwatsu biyu, ta ƙone ƙurmus, ba fari ko kaɗan a jikinta. Ƙasar wurin duk an yamutsa ta. Mutumin ya yi ta kwasar yashi da hannu yana watsawa, ya karyo ganye ya yi ta duka, ga ragowar wata riga da ya yi amfani da ita ta ƙone rabi. A ƙarshe ya koma kan wani dutse ya zauna, ya daɗe, don dugadugansa sun nutse a wuri ɗaya. Dabo ya leƙa cikin but. Faifan fulotar yana nan a bakin tanki, an ɗaure sukurorinsa duka, ba wanda ya karkace.

Sawun ƙafar ya hau kan fako ya ɓace. Dabo bai matsa nemansa ba, magariba ta gabato.

*

Da safe ya koma wurin Maikuɗi ya gaya masa motar ta ƙone. Maikuɗi ya juya fuska bango. Sai da ya nisa Dabo ya kwance sabulun ya nuna masa.

Maikuɗi ya karɓa da hagu ya duba. Ya ce maigidansa da ya koya masa aiki ya taɓa ba shi labari. Direbobin da, in tanki ya tsage musu a daji, sabulu suke jiƙawa su murje su liƙe wurin, domin fetur ba ya narkar da sabulu. Yana riƙewa har a isa gari. Amma dabara ce ta lallaɓawa, in ya bushe aka shiga gargada sai ya farfashe. Wanda ya ɗauki motar ya mayar da fulotar da tsohon zoben da ya tsage, ya cika tanki har wuya, man ya riƙa tsatsowa yana gangarowa kan salansa, bututun hayaƙi mai zafi.

Ya ce, “Yaran yanzu gam suka sani. Wannan hannun tsoho ne. Kuma ba ɓarawo ba ne, Malam. Ɓarawo tsumman zai bari ya gudu. Wannan so ya yi ya ga allurar ta tashi.”

Dabo ya karɓi sabulun ya mayar a rawaninsa. Tun a bakin kududdufi wani suna yake zuwa masa yana korarsa.

*

Malam Iliyasu ƙanin marigayi Alhaji Haladu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tuƙa fijon tun tana sabuwa, yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Dabo ya san shi tun lokacin, don sau da yawa ya rage masa hanya in ya dawo daga bin shanu, bai taɓa karɓar ko sisinsa ba. Abin da ya raba 'yan'uwan kowa ya sani. Wata rana Iliyasu ya ɗauki mai naƙuda daga wani ƙauye ba da izini ba, ya karya sifirin ƙafar motar a hanya, Alhaji kuma yana da tafiya. A tsakiyar tasha Alhaji ya karɓe makullin, ya ce direba ya ɗauka ba abokin shawara ba. Iliyasu ya kwashe iyalinsa ya koma Fagam, garin matarsa, ya kama noma. Fiye da shekara ashirin ba su ƙara zama inuwa ɗaya ba. Ranar jana'iza ya zo, ya bi sahu, ya juya daga maƙabarta.

Dabo ya same shi a zaure, a jingine, ya lulluɓa da babbar riga har hannuwa duk da zafin da ake yi. Ya ce zazzaɓi ke damunsa, ya nemi afuwar rashin ba da hannu. Suka gaisa, suka yi zancen gyaɗa da tsadar taki. Sannan Dabo ya ba shi labarin motar, da kwarin da ya same ta, da sabulun. Ya tambaye shi cikin direbobin tsohuwar hanya su wa suka rage.

Iliyasu ya fara lissafa su, kowane suna ya bi shi da Allah ya jiƙansa.

Dabo ya ce, “An karya wa makaniken hannu. Na dama.”

Iliyasu ya rufe ido. Ya ce ya ji a bakin masu dawowa daga kasuwa. Dabo ya jira, ya ƙara jira, har matar gidan Batulu ta aiko da kunu ya huce a gabansu. Da Dabo ya tashi tafiya ya tsaya a ƙofar zauren yana duban ƙasa, inda takalmin roba ya shiga ya fita, ƙafar hagu na jan yashi. Ya ce gobe za a zauna a zauren mai unguwa a Birnin Kudu, kuma tunda shi ne babba a gidan yanzu, zai zo ya ɗauke shi.

Iliyasu ya ce, “Allah ya kai mu.”

Washegari Dabo ya same shi a shirye a ƙofar gida. Har suka isa a kan babur, duk gargadar hanya Iliyasu bai kama kafaɗar Dabo ba.

*

Zauren ya cika. Zulkifli na gefen mai unguwa, Saifullahi ya zo da limamin Surko, Maikuɗi na jingine da bango da hannu a rataye. Hajiya Barira da Ummussalma suna daga soro na ciki inda za su ji. A waje matasa sun yi cincirindo, har da waɗanda suka yi dukan.

Dabo ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, bi da bi, ba ƙari. Motar da makulli aka tashe ta, amma makullin Maikuɗi ya kwana a Kano. Ba a ja ta ba, ba ta je filin Saifullahi ba. Wanda ya ɗauke ta ya tsaya ya ɗaura fulota, ya cika tanki, ya ninke tsumma. Ya bi hanyar da aka daina bi tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke tsaye a waje, ya kuma nemi kwalbatin da ruwa ya tafi da ita tuntuni. Da ya ji warin mai ya tsaya ya liƙe da sabulu. Da wuta ta tashi bai gudu ba, ya yaƙe ta da hannunsa. Dabo ya ajiye guntun sabulun a tsakiyar tabarma.

Mai unguwa ya tambaye shi ko ya san mutumin.

Ya ce, “Na san shi, ranka ya daɗe. Amma na fi so ya faɗa da kansa. Ya fi masa sauƙi gobe.”

Sai Malam Iliyasu ya zaro hannuwansa daga cikin riga. Duka biyun a naɗe suke da tsumma, ruwan ƙuna ya ɓullo ta jiki. Ya ɗora su a kan gwiwoyinsa, da ƙyar ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan makulli da ya yi baƙi, ya ajiye kusa da sabulun.

Ya yi magana kansa a ƙasa. Makullin na biyu ne, yana wurinsa tun ranar tasha, Alhaji ya manta da shi. A kasuwar Gwaram ya ji ana cewa za a ɗora motar a tirela a kai Legas. Ya kwana a Birnin Kudu wurin wani abokinsa, da niyyar ya gan ta da asuba kafin mutane su fito, ya koma. Da ya shiga ya ga fulota a kan tebur sai hannunsa ya ƙi zama. Ya ce bari ya ɗaura wa yaron, ya rage masa aiki. Da ya ɗaura ya ce bari ya zuba mai ya ga ko tana aiki. Ya murɗa makulli, allura ta tashi har ƙarshe, injin ya amsa da muryar da ya sani. Daga nan bai san lokacin da ya buɗe danga ba. Niyyarsa ya kai ta Fagam, Batulu ta gan ta, ya dawo da ita kafin azahar ya karɓi duk abin da za a ce masa.

Mai unguwa ya tambaye shi me ya hana shi fitowa da ya ji an kama wani.

Ya ce, “Kunya. Kullum na ce gobe. An taɓa tsinka ni a gaban jama'a a garin nan, na kasa jure a sake. Sai na bar yaron nan ya ɗauka a madadina.”

Zulkifli ya daɗe yana kallonsa, idanunsa sun kaɗa.

Ya ce, “Baffa, ai taka ce. Alhaji da bakinsa ya bar wasiyya a asibiti, Hajiya na wurin. Ya ce in gyara ta ta koma yadda take ranar da ya karɓe maka makulli, in kai maka har ƙofar gida, in ce ya ce ka yafe masa. Zoben nan kawai muke jira. Jibi na yi niyyar kawo maka ita.”

Daga cikin soro aka ji kukan Hajiya Barira. Iliyasu ya ɗaga hannuwan zai rufe fuska, ciwo ya hana, sai ya bar hawayen suna zuba a fili kowa na gani. Matasan da ke ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

*

Zulkifli ya janye ƙara. Mai unguwa ya tara iyayen waɗanda suka yi dukan, aka haɗa kuɗi, bayan 'yan makonni aka kai Maikuɗi asibiti a Kano, amma likitoci suka ce an makara, wuyan hannun ya kama a karkace. Ya warke, sai dai ba ya iya damƙe sifana da ƙarfi, kuma in sanyi ya sauko yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ya ci gaba da buɗe garejin, ya koma nuna wa wasu da baki abin da da yake yi da hannunsa.

Dabo bai karɓi komai daga Ummussalma ba. Wasu sun yaba masa, shi kuwa ya ce bai ga abin yabo ba, tunda ba wanda ya dawo wa da abin da ya rasa.

Bayan an gama girbi Iliyasu ya roƙe shi ya raka shi garejin. Suka tarar da Maikuɗi a ƙarƙashin maina. Tsohon ya durƙusa a gabansa a kan ƙasa mai baƙin mai. Maikuɗi ya yi saurin kama shi da hagu yana cewa ya tashi, ai ya haife shi. Iliyasu ya ƙi tashi sai ya ji amsa.

Maikuɗi ya ce, “Na yafe, Baba, duniya da lahira. Motar ba ta dame ni ba, ko ni ne na ji muryarta bayan shekara ashirin ban san abin da zan yi ba. Abu ɗaya ne yake dawo mini. Ranar Alhamis ɗin, da ka sauko daga duwatsu ka aiko ko da yaro ne, da la'asar ta same ni da hannuna.”

Iliyasu ya ce haka ne. Dabo ya taimaka masa ya miƙe, ya kai shi tasha ya sa shi a motar Gwaram, ya tsaya har ta tashi. Sannan ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Kiyako.